Yadda Ake Kawar da Itacen da Iska Ta Kayar a Kan Hanyar Karkara

Daga ƙarshen watan Afrilu zuwa cikin Yuni, lokacin da hadari yake haɗowa daga gabas da la'asar ko da tsakar dare, iskar da take riga ruwa isowa ita ce take yi mana ɓarna fiye da ruwan kansa. Da gari ya waye sai a tarar da dogon yaro ko turare ya gitta hanyar burji, motocin kasuwa sun yi layi, 'yan acaɓa suna kutsawa ta gonakin mutane. Na fi shekara ashirin ina cikin masu fita gayyar buɗe hanyar da ta haɗa ƙauyenmu da kwalta, kuma abin da nake fara gaya wa duk yaron da ya zo da gatarinsa shi ne, itacen da ka gani a kwance bai gama faɗuwa ba. Akwai reshen da ya lanƙwashe yana jiran a sake shi, akwai gungumen da ya dogara a kan abin da ba ka gani, akwai tushen da yake neman komawa raminsa.

Kayan aiki da mutanen da ake bukata

A tanadi gatari biyu ko uku masu kaifi, waɗanda ƙotarsu ba ta girgiɗi, domin ruwan gatarin da ya fice yana tafiya nesa. A haɗa da adda ta sassabe ƙananan rassa, da barandami idan akwai, da magagari na wasa baki, da igiya mai kauri wadda tsawonta bai gaza mita ashirin ba. Ana bukatar sanduna biyu ko uku masu ƙwari, tsawon mutum da rabi, waɗanda za a riƙa ɗaga gungume da su. Na marke ko na kirya sun fi, bututun ƙarfe mai kauri ma yana yi. Sai guntayen itace huɗu da aka fere bakinsu kamar bakin gatari, waɗanda ake cusawa a cikin yanka don kada ya rufe. Shebur, diga da baro na ƙarshen aiki ne.

Idan akwai injin yanka itace mai sarƙa, aikin wuni yana komawa na sa'a biyu, amma mai shi kaɗai ne zai riƙe shi, ko wanda ya saba aiki da shi. Ranar gayya ba ranar koyo ba ce. Mansa gauraye ne: yawancin injinan nan suna son kashi ɗaya na man gauraya a cikin kashi 50 na fetur, wato mililita 100 a lita 5, amma a duba abin da aka rubuta a jikin injin ko a gorar man. Tankin man sarƙa daban yake, kuma a cika shi duk lokacin da aka ƙara fetur. Mai inji ya sa hular kwano, ko da ta babur ce, da tabarau, da safar hannu, da rufaffen takalmi mai tauri. Babu mai aiki da silifa, babu mai aiki da babbar riga ko rawani mai jela, domin sarƙa ba ta bambanta tufa da reshe.

Inda babu inji, dogon zarto na mutum biyu yana yanka gungume sumul, kuma ya fi gatari sauƙin sarrafawa. Inda babu zarton ma, gatari ya wadatar, sai dai a yi haƙuri da jinkirinsa.

Mutum shida zuwa takwas sun isa: biyu masu tsare hanya, biyu masu sara, sauran masu janye rassa. Mutum ɗaya ne zai riƙa ba da umarni, kuma shi ba ya sara, aikinsa kallo. A ajiye tsumma mai tsabta da ruwa, a kuma bar babur ɗaya da mai a tankinsa, fuskarsa tana kallon hanyar asibiti.

1. A tsare hanya tun kafin a taɓa itacen

A saro ɗanyen ganye a jera a tsakiyar hanya kamar yadda direbobi suke yi idan mota ta lalace, taki ɗari ko fiye daga kowane ɓangare. Idan itacen ya faɗi a bayan kwana ko a gangare, a kai ganyen can gaba da kwanar, inda direba zai gan shi da sauran damar taka birki. A tsayar da mutum a kowane gefe da jan ƙyalle a hannu. Idan babbar hanya ce ta kwalta, a kira jami'an kiyaye haɗurra a lamba 122, ko lambar gaggawa ta ƙasa, 112.

Ba na goyon bayan aikin dare ko aiki cikin iska. Idan itacen ya faɗi bayan magariba, a sa alama, a ajiye masu tocila, a jira wayewar gari, sai fa idan akwai rai a ƙarƙashinsa ko mai naƙuda a cikin mota. A kori yara da 'yan kallo zuwa nisan da ya kai tsawon itacen sau biyu. Wannan ne ya fi komai wuya, domin matan da suke jiran ƙirare da yaran da suke jiran sheƙar tsuntsu ba sa jin magana sau ɗaya.

2. A zagaya, a duba sama, a duba ƙasa

Abu na farko da ido zai nema shi ne wayar lantarki. Idan waya ta shiga cikin rassan, ko ta faɗo kusa, ko falwaya ta karkace, aiki ya tsaya nan take. Wayoyin da suke bin hanyoyin karkara da yawansu suna ɗauke da ƙarfin wuta na bolt 11,000 ko 33,000, kuma jiƙaƙƙen itace da jiƙaƙƙiyar ƙasa duk suna ɗaukar wuta. Kada wanda ya matsa ƙasa da mita goma. Kada a ce ai an ɗauke wuta tun jiya, domin ana iya dawo da ita ba tare da sanarwa ba, kuma janareton wani gida da aka haɗa ba bisa ƙa'ida ba yana iya turo wuta cikin layin. A kira ofishin kamfanin rarraba wuta na yankin, KEDCO na Kano ne ko na Kaduna ko na Jos ko na Yola, a jira ma'aikacinsu ya zo da kansa ya ce an kashe layin. Wanda ya farga yana tsaye kusa da wayar da ta faɗo, ya haɗe ƙafafunsa ya riƙa jan su a ƙasa kaɗan-kaɗan har ya yi nisa, kada ya yi dogon taki. Busasshiyar gora ba ta isa kariya daga irin wannan wuta ba.

Daga nan a ɗaga kai. Iskar da ta kayar da itace ɗaya ta girgiza maƙwabtansa, sau da yawa kuma akan sami karyayyen reshe yana rataye a sama, ko wani itacen da ya jingina da ɗan'uwansa bai kai ƙasa ba. Ba a aiki a ƙarƙashin irin wannan, ba a hawa don a sare shi, ba a kuma sare itacen da ya tallafe shi. A jefa masa igiya daga nesa a janyo shi ƙasa.

Sannan a duba kogo. Tsohuwar kuka da ɗorawa da tsamiya gidan ƙudan zuma ne, ƙarar inji kuwa tana tayar da su. Idan an ga suna shawagi, a nemo mai ɗebe zuma ya yi musu hayaƙi. A bubbuga rassa da doguwar sanda kafin a sa hannu cikin ganye, saboda kububuwa da kasa suna fakewa a nan bayan ruwa. Idan tsautsayi ya gitta maciji ya sari wani, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau da igiya. A hana gaɓar motsi a wuce asibiti.

3. A san mai itacen

Wannan mataki gajere ne, amma tsallake shi yana haifar da shari'ar da ta fi aikin daɗewa. Kowane itace da mai shi: na gonar wani ne, ko na gado da ba a raba ba, ko cikin layin da hukuma ta dasa a bakin hanya. A aika wa mai unguwa ko dagaci, a sanar da mai gona, idan kuma na hukuma ne a gaya wa malamin daji na ƙaramar hukuma. Buɗe hanya ba ya jiran kowa, amma gungumen da aka yanka a ajiye shi a gefe har mai shi ya zo. Idan maɗaci ne ko wani itacen katako, a tambaye shi tsawon da yake so kafin a daddatsa, domin abin da zai yi ƙofa da gado idan aka yi masa gunduwa-gunduwa sai dai murhu.

4. A karanta yadda itacen ya kwanta

A nan ne ake gane wanda ya iya da wanda yake da ƙarfi kawai. Ɗauki ɗanyen kara ka lanƙwasa shi a hannunka: bayansa yana miƙewa kamar zai tsage, cikinsa yana matsewa. Haka kowane gungume da kowane reshe yake idan nauyi ya hau shi. Idan ka zurfafa yanka ta gefen da ya matse, yankan zai rufe ya cije maka zarto. Idan ka fara ta gefen da ya miƙe kuma ka zurfafa a lokaci ɗaya, itacen zai tsage da ƙarfi ya yi tsalle.

Saboda haka a tsuguna a ga inda itacen ya taɓa ƙasa. Idan ya dogara a wuri biyu, tushe a wannan gefen hanya, kai a wancan gefen, tsakiyarsa tana lilo a kan lambatu ko a kan hanyar, to samansa ne a matse, ƙasansa a miƙe. Idan kuwa gefe ɗaya ne ya dogara, ɗaya gefen yana rataye a iska, samansa ne a miƙe, ƙasansa a matse. Wani kuma matsinsa na gefe ne, kamar wanda ya maƙale tsakanin itatuwa biyu ya yi baka. Irin wannan idan aka yanke shi gefe yake sharɓowa, don haka mai yanka ya tsaya ta cikin bakan, ba ta bayansa ba.

Sai tushe. Itacen da ya tumɓuke da saiwarsa yana ɗaga faifan ƙasa wanda wani lokaci ya fi mutum tsawo, kuma nauyin gangar jikin ne kaɗai yake riƙe da shi a tsaye. Wata shekara muna aikin wani dogon yaro, wani yaro ya shiga ramin tushen yana tonon gara da tsinke, babu wanda ya lura. Allah ya sa mai kallonmu ya zagaya kafin yankan ƙarshe, ya fizgo shi ta wuyan riga. Ana raba gungumen, faifan ya koma raminsa da wata irin ƙara da muka ji a ƙafafunmu, kututturen ya miƙe tsaye kamar ba a taɓa kayar da shi ba. Takalmin yaron ɗaya yana ƙarƙashinsa har yau. Tun daga ranar, kafin kowane yanka kusa da tushe sai na je da ƙafata na leƙa ramin.

Irin itacen ma yana faɗa maka abin da za ka tarar. Turare dogo ne, yana tsagewa a tsaye. Dogon yaro da mangwaro ganyensu yana ɓoye rassan da suka lanƙwashe. Gawo ba ya yawan ba mu aiki, tunda da damina yake zubar da ganye iska ta ratsa shi, amma idan ya faɗi ƙayarsa tana huda tafin takalmi da tayar babur. Kuka kuwa cikinta kamar soso ne mai ruwa da zare, gatari yana nutsewa ba ya fitar da ɓawo, sarƙar inji tana cushewa. Yanka-yanka ake yi mata da adda da gatari ana yagewa, kuma babbar kuka aikin katafila ce, a kai kuka ga sashen ayyuka na ƙaramar hukuma.

5. A fara da rassa, daga waje zuwa ciki

Ana farawa daga kan itacen, da ƙananan rassan da ba su ɗauke da nauyin komai, ana janye su nan take don masu sara su ga inda suke taka ƙafa. Mai gatari ya tsaya ta yadda gangar itacen take tsakaninsa da reshen da yake sara, ya sara daga gindin reshe yana bin yadda ya tsiro zuwa kai. Tsakanin mai sara da mai sara a bar tazarar da gatari biyu ba za su haɗu ba ko an miƙa hannu. Idan wurin gangare ne, kowa ya tsaya ta sama.

Reshen da ya lanƙwashe a ƙarƙashin nauyi, ba a datse shi da sara ɗaya. A yi masa ƙananan tsaga uku ko huɗu a cikin lanƙwasar, a bar shi ya saki ƙarfinsa a hankali. Manyan rassan da suka cake a ƙasa kuwa su ne ƙafafun itacen, su ne na ƙarshe. Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne su fara da su saboda sun fi kusa da hannu, gungumen ya mirgino kansu. Kafin a cire su, a tura guntayen gungume ƙarƙashin gangar don idan ta sauka ta sauka kaɗan.

Ga mai inji: hannu biyu a kan inji, babban yatsan hagu ya zagaye mariƙi, kada a yi yanka sama da kafaɗa, kada a tsaya a kan gungume. Kada ƙarshen ƙarfen da sarƙa take zagayawa, musamman ta samansa, ya taɓa wani abu, domin nan ne inji yake zabura ya dawo fuskar mai shi kafin ya ƙifta ido. Idan zai canza wuri ya taka birkin sarƙa, idan zai ƙara mai ya kashe inji ya bar shi ya huce.

6. A datsa gangar

Dokar ɗaya ce: a fara ta gefen da ya matse, a shiga kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurin, sannan a ƙarasa ta gefen da ya miƙe, yankan biyu su haɗu. Wanda ya dogara a wuri biyu, a fara ta sama a ƙarasa ta ƙasa. Wanda yake rataye, a fara ta ƙasa a ƙarasa ta sama. Ana yanka ana kallon bakin yankan: idan yana buɗewa ana kan daidai, idan ya fara rufewa a zare zarto a cusa fereren itace a buga. Idan zarto ko inji ya riga ya maƙale, a kashe shi, a ɗaga gungumen da sanduna har yankan ya buɗe. Fizga da ƙarfi lanƙwasa ƙarfe kawai take yi.

Gangar da take kwance a ƙasa ɗungurungum, a yanka kashi biyu cikin uku a wurare da dama, a mirgina ta da sanduna, a ƙarasa ta baya. Sarƙar da ta taɓa burji sau ɗaya ta dakushe, kuma za ka gane haka idan inji ya daina fitar da ɓarzajjen itace ya koma fitar da gari. A kankare laka da tsakuwa daga ɓawo kafin a yanka. Itatuwan bakin hanya kuma sukan haɗiye ƙusa da waya da aka taɓa ɗaura allon talla da su, a duba.

Mai gatari zai buɗe baki mai faɗi daidai da kaurin gungumen, ya kai tsakiya, ya koma ɗaya gefen. Ƙaramin baki shi ne yake sa gatari ya riƙa cijewa.

Kada a yi kwaɗayin manyan gunduwa. Ɗanyen gungume mai kaurin rabin mita da tsawon mita ɗaya yana kai nauyin buhun siminti uku zuwa huɗu. Idan motoci sun taru, a fara cire tsakiya gwargwadon faɗin mota ɗaya, a dakatar da sara, a bar su su wuce ɗaya bayan ɗaya, sannan a ci gaba. Wasu sukan ce a cinna wa gangar wuta a huta. Ɗanyen itace ba ya ci, sai ya kwana uku yana hayaƙi a tsakiyar hanya, idan kuma kwalta ce wutar ta lalata ta.

7. A janye

Mirginawa ta fi ɗauka. A sa sanda a ƙarƙashi, a dogara ta a kan dutse ko guntun itace, a danna, wani ya tura tallafi don kada ya dawo. Babu mai sa hannu ko ƙafa a ƙarƙashin gungumen da yake kan sanda. Haka ake yi idan itace ya danne mutum: a ɗaga, a tallafe, a zaro shi a miƙe ba tare da an lanƙwasa masa wuya ko baya ba.

Idan za a ja da shanun huɗa, a ɗaure igiya kusa da ƙarshen gungumen, a shimfiɗa ƙananan sanduna a ƙasa ya bi ta kansu. Idan tarakta ce, a ɗaura a ƙarfen ja na ƙasa. Wanda ya ɗaura sama da ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya yana iya sa ta ɗaga kai ta kife kan direba. A-kori-kura ba ta jan babban gungume a kan laka, kulocinta za a ƙone. Ko da me ake ja, a yafa jiƙaƙƙen buhu a tsakiyar igiyar don ya kashe ƙarfinta idan ta tsinke, kuma kowa ya kauce daga layinta. A tara itacen nesa da kafaɗar hanya, ba a cikin lambatu ba, ba a kan shukar mutane ba.

Idan itacen ya fi ƙarfin kayan da ake da su, a nemi iznin mai gona a buɗe ratse ɗaya, a kafa masa turaku a gefe biyu don kada kowane direba ya yi tasa hanyar a cikin gero.

8. A mayar da hanya yadda take

A share ƙaya da ɓawo da guntayen rassa. A yashe lambatu da bakin kwalbati, domin ganyen da aka bari a ciki zai toshe ruwa, ruwan sama na gaba kuma ya haura ya yanke hanyar a daidai wurin. Ramin da tushe ya bari a gefen hanya a cike shi da burji ko tsakuwa a daddaɓe, idan ba a samu ba a kafa masa sanda da ƙyalle. Duk wanda ƙarfe ko ƙaya ya yi wa rauni mai zurfi ya wanke da ruwa da sabulu ya je a yi masa allurar tetanus a ranar. Daga ƙarshe masu jan ƙyalle su kwashe ganyen alama daga ɓangarorin biyu, na nesa shi ne na ƙarshen ɗaukewa.